Buntu a Lagireton Tsoho

Kakana na wajen uba direban babbar mota ne, kuma ko da ya ajiye sitiyari bai ajiye halin direbobi ba. Tun kafin a haifi mahaifina yake lodin shinkafa da kifi banda da tattasai daga Haɗeja zuwa kudu, ya dawo da goro da manja da ƙarerayi kala-kala a kan abin da ya gani a hanya. Ni ce jikarsa mace ta fari, don haka tun ina rarrafe yake kirana Amarya, ni kuma da na yi baki na raɗa masa Tsoho. Duk gidan nan ni kaɗai ce zan ce masa haƙoransa sun yi kama da tsohon turmi in kwana lafiya. Mahaifina ko ido ba ya iya haɗawa da shi.

Wata rana da la'asar ya tsuguna alwala sai ya kife. Da aka dawo da shi daga asibiti bakinsa ya ɗan karkace, ƙafar hagu sai ja, hannun hagu kuwa yana kwance a cinyarsa kamar wani ne ya ba shi ajiya. Shanyewar ɓarin jiki. Ya kwanta ya juya wa duniya baya, ya sa bango a gaba. Na shiga na ce masa na fasa auren, ba zan zauna da miji rabi ba. Bai tanka ba. Na ce zan auri mai rake na bakin titi, shi aƙalla yana da haƙora. Shiru. A nan ne hankalina ya tashi da gaske, don mutumin da bai taɓa barin zagi ya kwana bai rama ba, ga shi ina zuba masa yana kallon ƙasar bango. Na fita bayan ɗaki na yi kuka, na share, na dawo na ce hayaƙin murhu ne.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce, ɓangaren mata, inda maza masu kyamara ba sa shiga. Saboda haɗa bidiyo na sayi wata jibgegiyar laftof mai nauyin dutsen niƙa, irin wadda aka ƙera don masu buga gem, don ita ce ke da ƙarfin da ba ta sumewa in an loda mata kamu da ɗaurin aure da kai amarya gaba ɗaya. Tun yana da lafiya Tsoho yake kiranta akwatin 'yan zaman banza. Wanda ya sayar mini ya bar wasanni a ciki, ban taɓa goge su ba.

Ɗakinsa ne ke da soket ɗin sola, don haka a nan nake aiki. Ran nan na gaji da kallon wata amarya da ta ƙi ɗago kai tun daga farkon bidiyo har ƙarshe, sai na buɗe wani gem na tuƙa tirela don in huta. Aka ce in yi ribas in shigar da bodi cikin wani lungu. Na daki katanga. Na sake, na daki wata. Ina shirin dukan ta uku sai na ji murya daga bayana, a shaƙe, harshe na harɗewa:

"Karya kan hagu, sakarya. Wa ya ba ki lasin?"

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Daga nan laftof ta tashi daga tawa ta koma tamu, daga tamu kuma ta kama hanyar zama tasa. Nakan jingina shi da filo, in ɗora masa ita a kan ɗan tebur, in nuna masa madannan kibiya: wannan totur, wannan birki, waɗannan sitiyari. Da hannu ɗaya yake tuƙi. Kafin ya tayar sai ya karanta addu'ar hawa abin hawa cikakkiya. Ba ya gudu. Samari na buga wannan gem don su yi tsere su wuntsila mota su yi dariya, shi kuwa sai ya bi hannunsa a hankali, ya ba da sigina tun daga nesa, ya zagi ƙananan motocin da ke shan gabansa har kakanninsu. Titunan na wata ƙasa ce mai ƙanƙara, amma ya rarraba musu sunaye: wannan Hawan Kibo ne, wancan gadar Lokoja. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne babu rami ko ɗaya, kuma ka yi tafiyar yini guda ba wanda ya sa maka shinge ya ce a ba da na goro. Ya ce waɗannan mutane ba su san tuƙi ba, kwanciya suke yi a kan katifa mai taya. In an kira salla sai ya gangara gefen titi, ya faka daidai, ya kashe inji, sannan ya ce a kawo masa buta.

Ya fara cin abinci. Ya fara tambayar wace rana ce yau. Mahaifiyata ta ce ko me ke cikin akwatin nan, Allah ya yi masa albarka. Ni kuma na koma yin aikina a ɗan tsakanin da direba ke barcin rana, amare na ta kirana suna tambayar bidiyonsu, ina ce musu injin na gareji.

Sai kaka ta yi. Bayan katangarmu akwai injin gyaran shinkafa, kuma da zarar an fara kawo shanshera daga fadamun Auyo, to mun shiga uku. Buntu ke tashi tun safe, laushinsa ya shigo ta taga, ya sauka a miya, a gashin ido, a cikin kunne. Ga kuma kachala, ciyawar nan da ta cinye bakin kogi, in ta bushe sai ta riƙa sakin wata farar auduga tana yawo a gari kamar an aike ta. Laftof kuwa iska take shaƙa ta ƙasa ta fitar ta baya, ba ta da hanci balle ta toshe. Duk abin da ya zo haɗiyewa take yi.

Ta fara gurnani. Daga gurnani ta koma ruri, har daga tsakar gida ana jin fankokinta. Jikinta ya riƙa zafi har kana iya ɗumama shayi a kai. Tsoho ya ce yanzu ne ta zama mota, inji ya fara magana. Amma bayan 'yan kwanaki sai ta fara ɗaukewa. Yana tsakiyar hawa da kaya niƙi-niƙi, sai allon ya yi baƙi ƙirin. Ranar farko ya zauna yana kallon fuskarsa a baƙin gilashi, ya ce shi tunda yake bai taɓa barin kayan mutane a daji ba. Ya zame ya kwanta, ya juya wa bango. Abincin rana ya dawo yadda aka kai shi. Na gane cewa in akwatin nan ya mutu, ba bidiyon amare kaɗai zan rasa ba.

Na ce masa ƙura ce ta toshe ta, zan buɗe in share ranar da na samu sarari. Ya ce ba sai an gaya masa ba, lagireto ne, kuma shi ya san maganin lagireto tun uwata ba ta san hanyar rijiya ba. Washegari na shigo na tarar ya jiƙa tawul ya shimfiɗa mata a kan madannai, ga buta a gefe tana jiran aiki. Na fizge tawul ɗin na ce in ya sake kusantar da ruwa sai na kai shi ƙara wajen mai unguwa, a raba auren kowa ya huta. Ya ce mota in ta tafasa ruwa ake ba ta. Na ce wannan in ta sha ruwa sai dai a yi mata salla.

Tsoho yana da yaron mota. Kada ka ji an ce yaro ka ɗauka yaro ne: dattijo ne mai farin gemu da jikoki, limancin wani ƙaramin masallaci ma yake taɓawa in liman ya yi tafiya. Amma tunda ya taɓa sa wa tayar Tsoho dutse a kan gangara, ya zama yaron mota har abada. Kullum da hantsi yakan zo a babur, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna ya ce, "Oga, an tashi lafiya?" Ni Baba nake ce masa.

Ranar Asabar na tafi ɗaukar kamu a Kaugama, sai aka ɗaga bikin saboda rasuwa a dangin ango, na juyo da wuri. Ina sauka a ƙofar gida na ga Baba yana ɗaure wani abu a bayan babur da robar tayar keke, yana ja yana danna gwiwa kamar mai ɗaure buhun albasa. Laftof ɗina ce, an naɗe ta a buhun taki. Na tambaye shi ina za a kai ta. Ya sunkuyar da kai ya ce Oga ne ya ce a kai wa mai faci na tasha ya hura mata iska da injinsa, yadda ake yi wa lagireto da matatar iska. Ya ce shi ma a ransa bai so ba, amma Oga ya faɗa.

Na san injin mai facin nan. In ya saki iska sai ka ga ruwa-ruwa da baƙin mai na fesowa tare da ita, kuma ƙarfinta na iya tayar da tayar tirela daga kwance. A sa wannan a 'yan fankokin da ba su fi murfin kwalba kauri ba, sai su yi juyin da ba a halicce su don shi ba, fukafukansu su kakkarye, abin da ya rage kuma ya ƙone. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Na kwance robar, na rungumi kayata na shige ciki, Baba na bina a baya yana ba da haƙuri.

Tsoho na ganina ya san asiri ya tonu. Bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya ce to tunda na iya, in buɗe a gabansa, don shi ba a taɓa taɓa masa inji yana wani wuri ba.

Na rufe tagar da ke kallon injin shinkafa, na shimfiɗa farin zani a kan tebur. Na kashe ta gaba ɗaya, na zare caja, na bar ta ta huce. Na fita na wanke hannu na tsane, na dafa ƙarfen ƙofa, don akwai wata 'yar wuta da jikin mutum ke tarawa, irin wadda ke ɗan tsikarinka in ka cire mayafin roba, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe abin da ke ciki. Tsoho ya ce da ma ya san ina da wuta a jiki, tun ina goye. Na kifa laftof ɗin, na ɗauko ƙaramin sukundireba na fara kwance notinan. Ba tsawonsu ɗaya ba, kuma in ka mayar da dogo a ramin gajere sai ya huda abin da bai kamata ba, don haka na jera su a kan faifai yadda suke a jikinta. Baba aka ba riƙon faifan. Ya riƙe shi da hannu biyu, ko numfashin kirki ba ya yi.

Da tsohon katin banki na bi gefe-gefe ina ɓamɓare murfin a hankali. Kowace ƙara ya yi, sai Tsoho ya ce na karya. Da murfin ya tashi dukanmu muka zuba wa cikinta ido.

Ban san yadda abin nan ya rayu ba. Fankokin biyu sun yi gashi. Tsakanin kowace fanka da 'yan siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita, buntu da audugar kachala sun haɗu sun saƙa bargo mai kauri, har da ɓarɓashin goro, wanda na san ba daga fadama ya zo ba. A wani lungu ga ƙwan tsaka fari tas. Baba ya yi salati. Tsoho ya leƙa ya ce ai ga shi nan, lagireto, bai faɗa ba? Na ce ya faɗa, saura kaɗan kuma ya kashe mara lafiyar.

Abu na farko na zare wayar batir daga mazauninta da farce, don kada wuta ta rage a ciki ina aiki. Sannan na sa tsinken sakace na tokare fanka don kar ta juya, na ɗauko buroshin hodata, sabo wanda ban taɓa sawa a fuska ba, na riƙa sharewa fiffike bayan fiffike. Bargon nan kuwa da hantsakin gira na kama bakinsa na ja, ya taso a dunƙule kamar ƙanzo. Abin da ya maƙale a tsakanin ƙarafan na bi shi da 'yar robar da nake hure gilashin kyamara, ina matsawa kaɗan-kaɗan daga ciki zuwa waje. Tsoho ya ga abin na tafiya a hankali, ya cika kumatu zai taimaka da baki. Na tare shi da tafin hannu. Na ce yawun goro bai fi injin mai faci da komai ba, kuma ma rabin bakin ne ke aiki, iskar gefe za ta tafi. Ya yi dariya har ya sarƙe, Baba ya rasa ko ya ajiye faifai ya ba shi ruwa ko ya ci gaba da riƙo.

Na mayar da batir, na rufe, kowane noti ya koma gidansa. Na danna. Ta kawo haske, shiru kamar ba ita ba. Na buɗe gem, na tura masa teburin ina jiran a yaba mini.

Ya yi addu'arsa, ya tayar, ya hau titi. Ya yi tafiya mai ɗan nisa, ya haye hawan da ta saba mutuwa, ko tari ba ta yi ba. Na taɓa jikinta na ji sanyi ƙalau. Ina cikin yi wa Baba bayanin gwanintata sai na ga Tsoho ya ba da sigina ya gangara gefe. Ba a kira salla ba. Ya kashe inji ya ce a ɗauke, ya gaji.

Washegari bai nema ba. Kwana na biyu ma haka. Na kai masa, ya ce in je in yi wa amarena aiki. Ya koma kallon bango, tuwo ya koma dawowa. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na hana shi kashe ta, na gyara ta da hannuna, ta fi ranar da na saye ta lafiya, sakayyar ke nan? Na zaci rurin ne ya yi kewa, na aro sifika na jona mata, ƙarar injin tirela ta cika ɗaki har kaji suka watse a tsakar gida. Ya ce in kashe, ina damun maƙwabta.

Ranar da haƙurina ya ƙare da hantsi ne, Baba ya zo gaisuwa ya tafi. Na zauna a bakin katifarsa na ce yau sai ya gaya mini abin da na yi masa, in ba haka ba in kira mai rake a ɗaura yau ɗin nan. Bai juyo ba, ya ce:

"Da can in ta ɗau zafi, nan kusurwar hagu inda nake ajiye wannan mataccen, ina jin ta. Tun da na faɗi ban ji komai da shi ba, ko allurar likita. Sai wannan zafin. Yanzu kin wanke ta, ta yi sanyi kamar gawa, shi ma ya koma gawa."

Ni ban taɓa lura da inda yake ajiye hannun ba. Ina ta kallon allo ina dariyar zaginsa. Na kamo hannun na juya tafin, na ga fatar gefen ta yi duhu tana sheƙi, alamar ta sha gashi ba sau ɗaya ba. Tausayinsa ya kama ni, haushi ma ya kama ni, har na rasa wanne zan fara yi masa. Na ce don me bai faɗa ba. Ya ce namiji ba ya gaya wa amarya irin wannan.

Na ce zan zuba ruwan zafi a gora in naɗe a tsumma in ɗora masa. Ya ce shi jego yake yi? Shi direba ne, zafin inji ya sani.

Na tashi na ɗauko laftof ɗin. Na ɗauko zanina na ninka shi ya yi kauri, na shimfiɗa a kan tebur, na ɗora ta a kai yadda ƙofofin shan iskarta na ƙasa za su toshe. Na san abin da nake yi sarai. Duk wanda ya san injin nan zai ce na haukace, kuma kowace rana irin wannan tana rage mata kwana, ita da nake ci da ita. Na ce masa da sharaɗi: ina zaune a gefe, hannuna ɗaya a jikinta, in na ji zafin ya kai inda ni ba zan iya jurewa ba zan ɗage masa hannu in zare zanin, ko yana tsakiyar gada ne. Ya ce yaron mota ba ya kafa wa direba doka. Na ce wannan yaron motar shi ya sayi motar.

Na tayar da shi na jingina shi da filo. Ya yi addu'a, ya hau titi. Ba a daɗe ba fankokin suka fara gurnani, suka koma ruri. Ya saki totur, ya sa hannun dama ya ɗago na hagu daga cinyarsa, ya ɗora shi a kusurwar, ya gyara masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Muka zauna muna jira, shi yana kallon titi, ni ina kallon hannun. Can sai na ga ɗan yatsansa na tsakiya ya ɗan motsa, ko kuwa idona ne da ya cika da ruwa, ban sani ba har yau.

"Ta ɗau zafi, Amarya," in ji shi. "Matsa gefe da kukanki, kina tare mini madubi."